Kurakuran da ake tafkawa wajen yi wa tsohuwar jitar lantarki kuɗi

Na gaji da amsa tambaya ɗaya. Yaro zai turo hoton jita ta WhatsApp, hoton ma a duhu aka ɗauka, ya ce, "Yaya, Fender ce ta 1974, mai ita ya ce an ɗan canza mata wasu abubuwa, nawa zan taya?" Sau da yawa ma ya riga ya ba da kafin alƙalami. Tsohuwar jitar da ta iso hannunmu, ko ta 'yan gwanjon Kwatano, ko ta kasuwar Alaba a Legas, ko a jakar wani da ya dawo daga Turai, da wuya ka same ta yadda ta fito daga kamfani. Ta ratsa hannuwa da yawa, kowa ya yi mata abin da ya ga dama. Kuɗinta yana ga abin da ya rage na asali a jikinta, da kuma ko ɓarnar da aka yi mata mai gyaruwa ce.

Tun daga inda ake ɗauko farashi ake fara ɓata lissafi. Mutum zai buɗe Reverb ko eBay, ya ga wata Stratocaster, wato fitaccen samfurin jitar kamfanin Fender na Amurka, sa'ar tasa an sa mata dala dubu kaza, ya buga canji da naira ko sefa, shi ke nan ya yanke hukunci. Abin da ya gani fatan mai kaya ne kawai. Shafukan biyu duk suna nuna kayan da aka riga aka sayar da yadda aka sallama, can ake dubawa. Ko can ɗin ma a kula, domin kasuwar tsofaffin jita biyu ce. Akwai ta masu tarawa, waɗanda ke biyan kuɗi don kowane noti da kowane ɗigon dalma yana nan yadda ma'aikacin kamfani ya bar shi. Akwai kuma ta makaɗa, masu neman abin da zai yi daɗin hannu da daɗin kunne. Jitar da aka taɓa ta bar kasuwa ta farko, kuma ba ta komawa.

Fenti shi ne babban abin da ke cin mutane, kuma shi ne ya fi ƙona mini rai. Ina da wata Fender Mustang ta 1966, shuɗiya, wadda shekaru suka juya ta ta koma kamar koriya, jikinta duk ƙananan tsaga, gurbin da damtse ke gogawa ya sule har katako ya fito. Ramin da ake soka waya ne ya fara ƙara, na kai wa wani mai gyara, na ce masa wannan kaɗai zai taɓa. Da na koma karɓa sai ya fito da ita yana murmushi, tana ƙyalli, ja wur. Ya kankare ta da sanfefa ya kai wa masu fentin mota sun fesa. "Malam, na ga duk ta koɗe ne, na ce bari in yi maka alheri." Wallahi na kasa magana. Koɗewar nan da ya kankare ita ce rabin kuɗin jitar, kuma ba wani gwani a duniya da zai maido ta. Wannan ba ra'ayina ba ne ni kaɗai: a wurin dillalan tsofaffin jita, sake fenti yakan zaftare kusan rabin daraja, ko da an yi aikin da kyau. To ku masu ganin jita tana sheƙi ku ƙara kuɗi, kuna biyan ladan ɓarna ne. Jitar da ta shekara 50 tana yawo tsakanin gidajen biki amma ba ko ƙwarzane a jikinta, ai tambaya ya kamata ta jawo.

Har wajen 1968 Fender tana amfani da siririn fenti na naitiro ne, wanda ke tsagewa yana rawaya da tsufa, daga baya ta koma mai kauri mai kama da roba. Ni abin da nake yi, nakan cire farantin robar gaba in duba ƙarƙashinsa. Inda rana ba ta taɓa ba launi yakan fi sauran jiki kauri, idan fentin asali ne. Nakan duba ramukan noti: in sabon fenti ya gangara ciki ya toshe su, magana ta ƙare. Nakan kuma haska 'yar tocilan nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita, a ɗaki mai duhu. Tsohon fenti yakan ba da haske mai ɗan kore-kore, inda aka yi faci kuma sai ya fito baƙi-baƙi. A ƙara kula da launuka masu tsada. A wancan zamanin Fender tana sayar da launuka na musamman da ta aro daga fentin motocin Amurka, irin su Fiesta Red da Lake Placid Blue, kuma yau sun fi launin da aka saba tsada nesa ba kusa ba. Don haka su ne aka fi yi wa jabu.

Na biyu a tsada shi ne yarda da lambar da ke kan farantin ƙarfen bayan wuya. Leo Fender mai gyaran rediyo ne tun asali, ya ƙera jitarsa yadda za a iya kwance ta a sake kowane sashe. Noti 4 ne ke riƙe da wuya, daga wajen 1971 ma aka mayar da na Stratocaster 3. Farantin da ke ɗauke da lambar da waɗannan notin yake manne, duk mai sukuddireba zai iya ɗauke shi ya ɗora wa wata jitar cikin minti biyar. Kamar ka sayi mota ne don lambarta ta burge ka ba ka buɗe gaba ka ga inji ba. Na ga wani ƙanina a harkar kiɗa ya sayar da babur ɗinsa ya sayi "ta 1964" saboda lambar ta fara da harafin L. Farantin na gaske ne. Da muka kwance, wuyan na wata jitar Japan ne da aka manna wa tambari, gangar jikin kuma katakon falle-falle ne da aka haɗa da gam. Ya zauna a bakin shago ya dafe kai, ni kuma na rasa abin da zan ce masa, domin sai da na ce kada ya biya sai mun buɗe.

Dalilin da ya sa ake wannan ha'inci a kan 1964 a fili yake. A watan Janairun 1965 Leo Fender ya sayar da kamfanin ga CBS, kamfanin rediyo da talabijin na Amurka, a kan dala miliyan 13, kuma masu tarawa sun fifita duk abin da aka ƙera kafin nan. Don haka sai an haɗa shaidu. A gindin wuya akwai kwanan wata, da fensir kafin 1962, daga nan kuma da hatimi. A bayan 'yan gwangwanayen da ke ƙarƙashin maɓallan ƙara murya akwai lamba: 137 na nufin kamfanin CTS, 304 Stackpole, sai shekara da mako su biyo baya. Ka ga 1376612, to CTS ce, mako na 12 na 1966. Ko wannan ma yana nuna cewa ba a yi jitar kafin lokacin ba ne kawai, domin Fender ta sayi tulin waɗannan a 1966 ta yi ta amfani da su har farkon shekarun 1970. Idan wuya da gangar jiki da wayoyi suka ba da labari iri ɗaya, sannan ake fara maganar kuɗi.

Sai masu lissafin "ƙari". Mai kaya zai ce ya sa sabon fikof, wato maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya, ya sa sabon jaki, wato ƙarfen da tsirkiya ke hawa a kai a gangar jita, ya kashe kaza, don haka a ɗora a kan farashi. A'a. Kuɗin da ya kashe don jin daɗinsa ya kashe. Ni nakan raba canje-canje gida biyu. Wanda za a iya kwancewa a mayar da na asali, in na asalin yana cikin akwati, ba na rage komai sai ladan mai gyara. In babu shi, in cire kuɗin sayen irinsa. Wanda kuma aka sa ƙarfe aka ci katako, wannan har abada ne. A shekarun 1970 da 1980 an fafe jita ba iyaka don a cusa manyan fikof na DiMarzio ko jakin Floyd Rose, kuma farantin roba yana rufe ramin fikof tsaf. Shi ya sa ba a cinikin biri a sama.

A wajen jitar kamfanin Gibson kuwa, duba bayan kai, daidai inda ya haɗu da wuya. Kan a karkace yake, katakon wurin siriri ne, faɗuwa ɗaya ke karya shi. Ɗorin kirki yana riƙewa shekara da shekaru, jitar ta yi kiɗi lafiya, amma kuɗinta ya faɗi sosai, wani lokaci kusa da rabi. Fenti mai duhu a wannan gurbin kaɗai alama ce. Kuma duk wanda ya ce maka yana da Gibson Les Paul ta 1959 a araha, ka yi masa sallama: tsakanin 1958 da 1960 waɗanda aka yi masu launin sunburst, wato ja a gefe rawaya a tsakiya, ba su kai 2,000 ba.

Sauran ƙanana ne. Sake ƙarafan wuya da ake danna tsirkiya a kansu in sun cinye ba laifi ba ne a wurina, jita ce ba kayan ado ba, kaɗan nake ragewa. Makunnin zaɓar fikof mai matsayi 5 a Stratocaster ta kafin 1977 canji ne, amma mai sauƙi. Kunnuwan ɗaure tsirkiya da aka sake, duba ko an faɗaɗa ramuka. Akwatin asali yana da nasa kuɗin. Labarin cewa wani shahararren makaɗin Agadez ya taɓa kaɗa ta, in babu hoto ko takarda, kada ka biya ko sisi a kansa. Tsofaffin jitar Japan irin su Tokai da Greco da Ibanez suna da kyau kuma suna da kasuwarsu, a saye su da sunansu. Sandar ƙarfen da ke cikin wuya kuma a murɗa ta kaɗan a ga tana aiki, domin in ta mutu wuyan ya zama itace.

Lissafina ba na kowa ba ne, amma ga shi. Nakan ɗauki kuɗin da aka sayar da irinta wadda ba a taɓa ba, in ce 100 ne. Sake fenti ya mayar da ita 50. In an fafe katako, in sake zaftare wani kaso daga abin da ya rage. Sannan in cire kuɗin sassan da suka ɓata da ladan gyara. Daga nan sai in ajiye takarda in soka ta a amfilifaya, in tambayi kaina ko sabuwar jita mai wannan kuɗin za ta fi ta daɗi. In za ta fi, tayina ya sauka zuwa can. Mai kayan da ya hana a kwance noti a duba, nakan taya masa kuɗin Squier ta gwanjo, wato jitar Fender mai araha, in ya ce albarka in kama hanya.