Kurakuran masu neman marmaro a gaɓar kogin Isa

Da zarar ruwan kogi ya fara janyewa sai ka ga samarin Yamai sun bazu a gaɓa, wani da bido, wani da salula a hannu yana bin taswira, kowa marmaro yake nema. Wasu shan iska ya kawo su. Wasu sababbin masu garka ne da suka tara ƴan kuɗi suna son fili kusa da ruwan da ba ya ƙafewa. Garkata tana ƙasa da gari, ta wajen Ndunga, kuma na gaji da ganin ɓarna iri ɗaya kowace shekara, mutanen ne kawai ke sakewa.

Abu na farko, ba ku san lokaci ba. Kogin nan cika biyu yake yi. Akwai jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda kogunan Sirba da Dargol da Goruwal ke kwararo da shi daga wajen Burkina Faso. Shi ne ya kai mita 7 a ma'aunin Yamai cikin Satumban 2020, ya shiga unguwannin Lamorde da Karaje da Kirkisoy. Sai baƙin ruwa, ruwan daminar Gini, wanda ke daɗewa a fadamun Mali kafin ya iso mana tsakanin Disamba da Fabrairu. A duk cikar nan yashin gaɓa yana shan ruwa ya ƙoshi. Idan kogi ya sauka a Maris, sai gaɓa ta riƙa mayar da abin da ta sha, ruwa ya dinga tsatsowa garai-garai daga jikin yashi. Baƙo ya gani ya ce ya samu marmaro. Ruwan kogi ne ke komawa gida, kuma kafin ƙarshen Afrilu wurin ya bushe ƙayau. Haka ma ruwan da ke zirarowa ƙarƙashin filayen shinkafa na Saga da Libore: ragowar ban ruwa ne, da takin zamani a ciki, ranar da aka kashe injin shi ma ya ɗauke. Wanda zai sayi fili saboda marmaro ya je ya gan shi a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, kafin ruwan sama na farko, lokacin da kogi ya zama ƴar korama tsakanin tsibiran yashi. Abin da ya samu yana gudu a ranar, shi ne nasa. Mai fili da ya matsa maka ka biya a Maris ya san abin da yake yi.

Kuma a bakin ruwa kuke nema, alhali ba can yake ba. A gefen Hausa, wato gaɓar hagu ta kogi, tudun da Yamai ke zaune a kai marmara ce a sama, jan dutse mai yashi a ƙarƙashinta, sannan laka. Ruwan sama yana ratsa marmara da yashi, in ya tarar da laka ba ya iya wucewa, sai ya bi gefe har ya fito a gindin tudu. Don haka ku juya wa kogi baya ku dubi gangare, inda jan dutse ya ƙare farar ƙasa ta fara. A wannan layin za ku ga ɓaure ko kanya ko goruba sun yi kore shar cikin bazara, ƙasa ta yi duhu, ƙudan zuma da zanzaro na sauka, sawun awaki ya taru wuri ɗaya. Gawo kada ya ruɗe ku, saiwarsa tana tafiya nesa ƙwarai, ganinsa ba ya nuna ruwa na kusa. A gefen Gurma, wato gaɓar dama, dutsen ƙasa ya fi fitowa fili, ruwan yana bin tsagar dutse ne, shi ya sa samunsa ya fi wuya.

Ni al'adata, da sanyin Janairu nake tantancewa. Ruwan da ya fito daga zurfin ƙasa a yankinmu ɗuminsa yana wajen digiri 30 rani da damina. Da asubar hunturu kogi sanyi ƙarara, in ka sa hannu a marmaro na gaske za ka ji shi da ɗumi. In sanyinsu ɗaya da kogi, to kogin ne. Sai in sa alama in dawo a Mayu. Yawansa kuma da bido ake aunawa, ba da ido ba: in bidon lita 20 ya cika cikin minti 2, lita 600 ke nan a awa. Ka auna a Mayu, lissafin Janairu yaudara ne.

Yanzu ga wanda ke tayar mini da hankali. Wa ya gaya muku ruwa mai haske ruwa ne mai tsabta? Ɗan ƙanwata ya zo karatu daga Tawa, yaro mai hankali, ya zauna a gidana. Shi da abokansa suka bi wani kwari a cikin gari, suka samu ruwa na fitowa daga jikin gangare, suka sha har suka ciko gora. Ya dawo yana murna, ya ce, "Kawu, ai ya fi na famfo daɗi." Na tambaye shi me ke saman gangaren. Ya ce gidaje. Gidaje kuwa ma'anarsu shaddodi. Ba a daɗe ba zazzaɓi ya kwantar da shi, a asibiti aka ce taifod ne. Yaron ya rame har uwarsa ta kasa gane shi a hoto, jarrabawar shekarar ta wuce shi, kuɗin da na tanada na irin albasa duka suka tafi a magani. Har yau in na tuna dararen da na kwana a barandar asibiti ina jiran gari ya waye, raina ɓaci yake yi, domin abu ne da tambaya ɗaya za ta hana.

Ku fahimci abin da ke faruwa. Ruwan da ke fitowa a kwarin Gunti Yena da sauran gangaren cikin gari, ruwan ƙarƙashin unguwanni ne. Ya ratsa ramukan bayan gida, da juji, da kwatami, kafin ya iso hannunka. Yashi yana tace laka ya bar ruwa fes, amma ba ya kama duk ƙwayoyin cuta, kuma ba ya kama sinadarin nitirat, mai fitowa daga ƙazanta da taki, ko kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar nitirat a miligiram 50 cikin lita ɗaya, kuma jarirai ya fi yi wa illa. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma nitirat ƙaruwa ma yake yi in ruwa ya ƙone. Saboda haka marmaron cikin gari ni ba na sha, ba na barin a dama wa jariri koko da shi, ko an tafasa. Na ban ruwa ne. Na bayan gari kuma, kafin ka kai baki ka hau sama ka zaga. Shadda, garken shanu, maƙabarta, majema, duk wanda ka gani a saman gangaren ya ishe ka hujja. Ana cewa a bar mita 30 tsakanin shadda da ruwan sha. Ni a ƙasa mai yashi irin tamu wannan bai kwantar mini da hankali ba. In sama daji ne tsaf, ka ɗiba daidai inda ruwan ke fitowa, ka tafasa, ko ka jefa ƙwayar Aquatabs ta tsabtace ruwa yadda aka rubuta a takardarta ka jira minti 30. Ƴaƴan zogale da ake dakawa a zuba suna kwantar da laka ne kawai, ba su isa su kaɗai ba.

Ɗan tafkin da ke taruwa ƙasa da marmaro kuma ba wurin wanka ba ne. A irin wannan kwantaccen ruwa mai ciyawa ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da tsargiya ke zama, kuma ta fata take shiga. Yaron da ya fara fitsarin jini a kai shi asibiti, akwai maganinta.

Sai masu tona. Waɗannan su suka yi mini asarar da ban farfaɗo ba har yanzu. Akwai wani ƙaramin idon ruwa a kan iyakata da maƙwabcina, tun zamanin mai filin na farko yake gudu, siriri amma ba ya yankewa, da shi muke raya dashen mangwaro da zogale a tsakiyar bazara. Maƙwabcin ya sayar, sabon mai fili ya kawo ƴan ƙwadago, ya ce ruwan ya yi kaɗan a buɗe masa baki. Na same su da diga a hannu. Na ce, "Alhaji, don girman Allah a dakata, lakar da ke ƙarƙashin nan ita ke riƙe da ruwan." Ya ce, "Malam, ai rijiya ma tona ta ake yi." Suka tona. Ruwa ya ƙaru kwana kaɗan, kowa na yi masa barka. Daga nan ya fara raguwa, ya koma caɓi, ya ɗauke. Sun huda lakar, ruwan ya samu hanya ta ƙasa ya bi. Kamar ka huda gindin tulu ne don ka ga yawan abin da ke ciki. Dashena ya ƙone a tsaye, na ci bashi na sayi injin ban ruwa da tiyo mai tsawo don in jawo daga kogi, ga kuɗin mai kullum. Shi ma Alhajin bai tsira da komai ba.

Ba a sa diga a idon marmaro. Ba a kuma toshe bakinsa da siminti don ruwa ya taru ya hau, in ka danne shi zai nemi wata kafa, wataƙila a filin wani. Abin da nake yi, da hannu nake kwashe ganye da laka, in jera tsakuwa da duwatsu a bakin, in sa guntun tiyo daidai tsayin da ruwan ke fita da kansa, in haƙa wurin tara ruwa can ƙasa da shi. Sama kuma in ja ƴar hanya da za ta kauce da ruwan damina, in kewaye da ƙaya saboda dabbobi. Itatuwan da ke kansa a bar su.

Isa wurin ma sai an koya muku. Kuna ganin kore daga cikin jirgi sai ku yi tsalle ku nufe shi kai tsaye. Lakar da kogi ya bari tana bushewa a sama ta tsattsage, ƙasanta kuwa taɓo ne mai kai wa cinya, kuma inda marmaro ke zirarowa nan ya fi laushi. Ka riƙe sanda mai tsawo kana soka gabanka, ka bi sawun shanu. In ka nutse kada ka yi ta fizga, ka kwanta da baya ka zaro ƙafa ɗaya bayan ɗaya, takalmin ya tafi. Kada ka zauna hutawa a inuwar gaɓar da ruwa ya ci gindinta, zabtarewa take yi ba sallama. Wani tsohon Basarke, masunci, ya taɓa tsayar da ni a kan wata faffaɗar hanya mai santsi da ta fito daga ruwa ta shiga ciyawa. Ya ce, "Ɗana, wannan ba ta mutane ba ce." Ta dorina ce. Da dare suke fita kiwo su komo da asuba, kuma wanda ya tsaya tsakaninsu da ruwa ya shiga uku. Daga Bubon zuwa sama suna nan, wani lokaci har kusa da gari.

Da damina kada ka bi cikin kori, wato busasshen rafi, don ya fi sauƙin tafiya. Ana iya yin ruwa can kan tudu inda ba ka gani, kai kana cikin rana, ya sauko maka a gigice. Ruwan kori ne ya yanke hanyar Doso a Sorey cikin Agustan 2024, balle mutum da bido a ka.

Sauran ƙanana ne. Taswirar salula tana nuna kore, ba ta nuna ko garkar wani ce. Kada ka fita neman ruwa ba ka ɗauki ruwa ba, zafin Afrilu yana haura digiri 40. Silifa ba takalmin gangare ba ne. Sabulu da wankin moto a yi su nesa da ido. Ledar da ka zo da ita ka koma da ita.

Kowane marmaro da mai shi, ko da ba ka ga shinge ba. Ka fara da gaida mai gari, in ba ka jin Zabarmanci ka tafi da mai ji. Mata masu ɗiban ruwa da Fulani makiyaya sun fi kowa sanin wanda ke kai wa Yuni da wanda ke ƙafewa, ka tambaye su da ladabi, kuma ka bar su su gama ɗiba kafin ka sa bidonka. Halin tsaro a jihar Tilaberi kuwa kowa ya sani, a 2020 ma an hana hawa moto a wasu yankuna. Kafin ka wuce bayan gari ta kowane gefe ka tambayi mutanen wurin da jami'an tsaro, ka riƙe katin shaidarka, ka gaya wa na gida inda ka nufa, kuma ka juyo tun la'asar.