Yadda ake kammala miksin da mastarin ɗin albam idan kai kaɗai kake aikinka

Mawaƙin da babu kamfani a bayansa shi ke kiɗansa, shi ke rawarsa, ba mai ce masa "ya isa haka". Shi ya sa albam kan share watanni a kwamfuta ana ta taɓa shi. Abin da ake nema a wannan gaɓa shi ne waƙoƙin su fito kamar 'yan ɗaki ɗaya.

Fara da kammala miksin, wato haɗa murya da kayan kiɗa da daidaita sautinsu a cikin kowace waƙa. Ka ƙaurace wa waƙoƙin kwana biyu, domin kunnen da ya wuni yana jin abu ɗaya ƙarya yake yi maka. In ka dawo, ɗauki takarda da biro, ka saurari albam ɗin daga farko har ƙarshe ba tare da ka taɓa komai ba, kana rubutawa: waƙa ta 3, minti 1 da daƙiƙa 20, amshi ya danne murya. Abin da ka rubuta kaɗai za ka gyara.

Murya ce ta fi cin lokaci. Yanke gurnanin da ke ƙasa da 80 Hz (ma'aunin kauri ko sirantakar sauti), ka lallashi kaifin "s" da "sh" da ke zaune tsakanin 5 da 8 kHz, amma kar ka wuce gona da iri har mawaƙi ya koma kamar mai wawulo. Sai ka mai da sautin mono don gwaji, wato hagu da dama su haɗe su zama ɗaya. Duk kayan kiɗan da ya ɓace a nan, zai iya ɓacewa a lasifikar waya. Gwada a mota, gwada da abin saƙalawa a kunne mai araha.

Wajen fitarwa, cire limita (abin da ke hana sauti wuce iyakar da aka sa masa) daga babban layin fita, ka bar ƙololuwar sauti wajen -6 dB (ma'aunin ƙarfin sauti). Fayil ɗin WAV ne mai bit 24, ban da MP3. Ka bar wutsiyar waƙa ta mutu da kanta. Sau da yawa na ji amsa-kuwwar ƙarshe an datse ta kamar an rufe ƙofa.

Yanzu mastarin, wato gyaran ƙarshe da ake yi wa waƙoƙin bayan an gama miksin. Buɗe sabon aiki a manhajar haɗa kiɗanka, ka jera waƙoƙin duka yadda za su zo a albam. Zaɓi wadda miksin ɗinta ya fi kyau ta zama ma'auni, sauran su bi ta wajen nauyin bes da hasken murya. Gyaran nan ƙanƙane ne, rabin dB ko ɗaya. Idan waƙa ta nemi dB 3, ciwon a miksin yake, koma can. Kuma duk sanda za ka kwatanta kafin gyara da bayansa, daidaita ƙarar su biyun tukuna, saboda kunne ko yaushe mai ƙara yake zaɓa.

Batun ƙara kuwa, Spotify na daidaita waƙoƙi zuwa -14 LUFS (ma'aunin matsakaicin ƙarar waƙa), Apple Music zuwa -16. Ka matse waƙa da limita har ta kai -7, su rage ta, ka tashi da kiɗa mara numfashi. Tsai da ƙololuwa a -1 dBTP (ma'aunin ainihin ƙololuwar sauti) don kar sauti ya fashe idan sun matse fayil ɗin. A ganina ba dole kowace waƙa ta zauna a lamba ɗaya ba: mai sanyi ta ɗan yi ƙasa da ta rawa.

Tazarar tsakanin waƙoƙi, daƙiƙa 2 aka saba, amma rufe ido ka ji inda ta gaba ya kamata ta shigo. Idan za a buga faifan CD, sauko zuwa bit 16 da 44.1 kHz, ka sa dita (ɗan siririn shuuu da ke hana sauti gurɓata idan an rage bit) sau ɗaya tak, a ƙarshe. Kowace waƙa tana buƙatar lambar ISRC tata, wato lambar shaidar waƙa, kuma masu rarrabawa irin su DistroKid da CD Baby suna bayarwa. Kafin ka ɗora, saurari ainihin fayilolin da ka fitar, duba rubutun sunayen waƙoƙi, ka ajiye kwafi a wuri biyu.