Yadda ake karatun fasahar buga zane a jami'a a Kumasi

Matashin da ya tashi a Aboabo ko Asawase, yana ganin masu buga rubutu a jikin riguna da masu ɗab'in katin biki a Asafo, zai iya ɗauka cewa buga zane sana'a ce da ake koyo a shago kawai. Ana koyon ta a jami'a ma, kuma a Kumasi wurin da aka sani da ita shi ne Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, wato KNUST, wadda makarantar zanenta ta taso daga Achimota a 1952. Marigayi Atta Kwami, wanda ya yi suna a zanen fenti da buga zane, ya koyar a can kimanin shekara 20.

Mataki na farko tun daga sakandare yake farawa. Jami'ar tana neman sakamakon WASSCE mai maki daga A1 zuwa C6 a Turanci da lissafi da haɗaɗɗiyar kimiyya, da kuma darussan zaɓi uku, kuma wanda ya bi sashen fasahar zane-zane shi ne ya fi samun sauƙi. Lissafi ne yake yawan kayar da masu hannun zane, saboda haka kada a yi masa riƙon sakainar kashi.

Na biyu shi ne zaɓen kwas, kuma a nan ake yawan yin kuskure. Buga zane irin na masu fasaha ana samun sa ne a cikin karatun digiri na shekara huɗu a Sashen Zanen Fenti da Sassaƙa. Wanda burinsa tsara talla da tambarin kamfani ne, sashen tsara zanen sadarwa ya fi dacewa da shi, wanda kuma yake son harkar ɗab'in littattafai da manyan injuna sai ya nufi sashen nazarin wallafa. A karanta ƙasidar shiga ta shekarar da kyau kafin a sayi lambar cike fom ta intanet, domin ita ce ke fayyace sharuɗɗa da ranar rufewa. A kuma riƙa adana zane-zanen hannu a jaka guda tun da wuri.

Bayan an samu gurbi, sai a fuskanci hanyoyin bugu guda huɗu. Mafi sauƙin farawa ita ce ta sassaƙa: a zana hoto a kan katako ko lino, wato wata irin shimfiɗar ƙasa mai kauri da laushi, a sassaƙe duk wurin da ake so ya fito fari, a shafa tawada da rola a kan abin da ya rage, a ɗora takarda a murza bayanta da cokali ko a saka a injin matsa. Wanda ya taɓa zuwa Ntonso ya ga masu adinkra suna dangwala hatimin ƙwarya a kan yadi ya riga ya fahimci tushen wannan hanya. Abin da ɗalibi yake daɗewa bai saba da shi ba shi ne komai yana fitowa a juye, dama ta koma hagu. Duk wanda yake son sa rubutun ajami ko zayyana irin ta allo a aikinsa dole ya sassaƙa su a juye, kuma dabarar ita ce a duba zanen a madubi kafin wuƙa ta taɓa katako, domin abin da aka sassaƙe ba ya dawowa.

Hanya ta biyu kishiyar ta farko ce, domin tawada a cikin ramukan layi take zama. Ana rufe farantin jan ƙarfe ko tutiya da wani irin kakin da asid ba ya ci, a zana da allura har ƙarfen ya bayyana, a tsoma a ruwan asid ya cinye layukan, sannan a cusa tawada a goge saman farantin, a buga a kan takarda mai danshi da inji mai nauyi. A nan ba a wasa da ƙa'ida: asid ake zubawa a cikin ruwa, ba ruwa a cikin asid ba, kuma da safar hannu da tabarau a wuri mai iska. Ta uku ita ce bugun dutse da Bajamushe Alois Senefelder ya ƙirƙiro a 1796, wadda ta dogara ga rashin jituwar mai da ruwa: a zana hoton da abu mai maiƙo a kan dutse, a jiƙa dutsen, sai tawada mai maiƙo ta kama zanen kawai. Ta huɗu ita ce tura tawada ta cikin rariyar yadi mai laushi, kuma ita ce ta fi saurin kawo kuɗin aljihu, tunda da ita ake buga rigunan makarantu da na maulidi.

Sai a koyi ladabin kwafi. Idan an yanke shawarar buga 20, kowanne sai ya yi daidai da ɗan'uwansa, a rubuta lambarsa da fensir a ƙasa ta hagu, misali 3/20, a sa hannu ta dama, kuma ba a ƙara ko ɗaya bayan an cika adadin. A ganina wannan shi ne ainihin jarrabawar, domin kwafi ɗaya mai kyau kowa zai iya dacewa da shi, amma guda 20 iri ɗaya sai wanda ya kwana biyu a ɗakin aiki yana lura da yawan tawada da daidaiton takarda.

Batun kuɗi kuma a shirya masa tun farko, domin takarda mai kyau da tawada da faranti ɗalibi ne yake sayen mafi yawansu. Ana rage nauyin ta hanyar haɗa kuɗi da abokan aji a sayi kaya a Adum, da yin gwaji a kan ragowar filawud daga wurin kafintoci, da neman rance a Asusun Lamunin Ɗalibai. A lokacin hutu, maimakon zama a gida, ya fi kyau a roƙi wani mai shagon bugu a Asafo, ko a New Town ga mazauna Accra, ya bari a riƙa taya shi aiki, inda za a koyi yanke farashi da cika alkawarin mai kaya kafin shekarar ƙarshe ta zo da aikin kammalawa da baje koli.