Yadda ake gina jaruma mace mai ƙarfi a labarin kasada

Kwanakin baya wata ƙanwata da take rubuta littafi a waya ta turo min babi goma sha biyu na labarinta, tace Anti dan Allah ki duba min kafin in saki. Jarumar gimbiya ce, ta iya takobi, ta iya sukuwa a kan doki, an ce ko ido ta zare sai maza su zubar da makami. Toh amma da na karanta har ƙarshe sai na ga sau uku ana sace ta, sau uku yarima yana zuwa ya ƙwato ta, kuma babu waje ko guda ɗaya da ita ta zauna ta ce ga abin da za a yi. Takobin nan ado ne kawai kamar sarƙar wuya. Abin ya taɓa ni sosai domin yarinyar tana da baiwar rubutu, kuma kuskure ne da yawancin mu muka taɓa yi. Abin da na faɗa mata shi zan jero a nan mataki mataki, da misalai daga tsofaffin fina-finai da katun da littattafan zane, tunda masu su sun riga mu faɗawa ramukan nan kuma wasu sun fita.

Mataki na farko, ki ba ta abin da take nema, nata na kanta

Kafin ki rubuta kalar idonta ko tsawon gashinta, ki ɗauki takarda ki rubuta layi ɗaya tak: wance tana so ta yi kaza saboda kaza, idan ta kasa kaza zai faru. Idan kika ga layin ba ya tsayuwa sai da sunan saurayi a ciki, ki goge ki sake. A fim ɗin Hong Kong na 1966 mai suna Come Drink with Me, wanda Cheng Pei-pei ta fito a matsayin Golden Swallow, 'yan fashi ne suka kama ɗan'uwanta suka yi garkuwa da shi, ita kuma aka turo ta ta karɓo shi, kinga tun daga farko mun san me ya fito da ita daga gida. Mulan ta Disney ta 1998 haka, an kira mahaifinta yaƙi ga tsufa ga ciwon ƙafa, ta san idan ya tafi ba zai dawo ba shiyasa ta yanke gashi ta ɗauki sulkensa. Gimbiya Leia a Star Wars na 1977 kuwa tun kafin Luke, jarumin fim ɗin, ya shiga yaƙin ita ta riga ta ɓoye taswirar makamin abokan gaba a cikin mutum-mutumin nan R2-D2.

Mataki na biyu, ki bar ta ta yanke hukunci, kuma hukuncin ya juya labarin

Wannan shine zuciyar maganar gaba ɗaya, idan kika samu wannan sauran masu sauƙi ne. Ki je ki nemi Alien na 1979 ki kalli sin ɗin da ya fi kowanne burge ni, babu harbi babu duka a cikinsa. Mutum uku sun fita daga jirgin sama jannati sun je duba wani abu, suka dawo da ɗayansu mai suna Kane wata halitta ta manne masa a fuska. Kyaftin Dallas yana waje yana cewa a buɗe ƙofa maza maza, Ripley kuma, wadda Sigourney Weaver ta fito a matsayinta, ita ce babba a cikin jirgin a lokacin tunda manyanta biyu suna waje. Tana zaune gaban na'ura, murya a kwance, tace ba za ta buɗe ba, doka ta ce sai an killace su awa 24, idan ta bar shi ya shigo kowa zai iya mutuwa. Kyaftin ya ce umarni yake ba ta, ta ce ta ji, amma amsar dai a'a ce. Sai wani daga cikinsu mai suna Ash ya zagaya ya buɗe ƙofar. Su bakwai ne a jirgin, ita kaɗai ta tsira sai kyanwa. Ki lura, a lokacin da take cewa a'a mai kallo ma haushinta yake ji, gani yake ba ta da tausayi, sai daga baya kowa ya gane ita ce mai gaskiya. Irin wannan nake nufi da ƙarfi, ki sa ta tsaya kan abin da ta gani daidai ne a lokacin da hakan zai jawo mata baƙin jini.

Wani abin lura, waɗanda suka rubuta labarin Alien sun sa a rubutun farko cewa kowane ɗan jirgin zai iya zama mace ko namiji. Ina ganin shi ya taimaki Ripley, an ba ta aikin yi kafin a fara tunanin yadda za ta yi kyau.

Leia ma ki tuna lokacin da Luke da Han Solo suka je fito da ita daga kurkuku, sun buɗe ƙofa amma ba su shirya hanyar fita ba sojoji suka tare su a lungu, ita ta fizge bindiga ta harbe wani murfin ƙarfe a bango ta ce kowa ya faɗa ramin shara. An zo cetonta ne amma ita ta cece su.

Yadda za ki gwada naki: ki ɗauki jan biro ki bi labarin babi babi, duk inda labarin ya canza hanya ki ja layi ki rubuta sunan wanda ya jawo canjin. Idan kin gama ki ƙirga. A na ƙanwata wurare tara muka samu, yarima shida, bos biyu, ɗaya kuma ruwan sama ne. Gimbiya sifili. Aƙalla rabi ya kamata su zama nata, har da waɗanda ta yi kuskure a cikinsu.

Mataki na uku, ki nuna mana inda ta koyo

Mai karatu baya yarda da gwanintar da ta faɗo daga sama. Mulan da ta shiga sansani ita ce ta baya a komai har aka ce ta tattara ta koma gida, sai cikin dare ta tsaya gaban dogon turken nan da aka soke kibiya a ƙololuwarsa, kowa ya kasa hawa saboda nauyi biyu da aka ɗaura musu a hannu, ita sai ta harɗe igiyoyin nauyin a bayan turken ta mayar da su abin hawa. Da aka zo yaƙi a kan dutse kuma saura igwa ɗaya ta rage musu, ba ta harbi shugaban abokan gaba ba, ta saita ƙanƙarar saman dutse ta zubo ta binne rundunar. Mun yarda da na biyun ne saboda mun ga na farkon, mun san kanta irin mai neman dabara ne. Sarah Connor a Terminator na 1984 abinci take rabawa a gidan cin abinci, har oda take rikitawa, sai a na 1991 muka same ta ta zama wata daban, kuma mun san wahalar da ta mayar da ita haka.

Kuma gwaninta ba lallai sai faɗa ba. A katun ɗin Japan na 1984 na Hayao Miyazaki, gimbiya Nausicaä tana da wani ɗaki a ɓoye a ƙarƙashin fada inda take shuka tsirran dajin da kowa ke gudu saboda guba, ta shayar da su da ruwa mai tsabta da yashi daga rijiya mai zurfi, sai ta gano tsirran ba su da laifi, ƙasar ce mutane suka gurɓata. Wannan binciken nata ya fi takobi dubu amfani a labarin. Saboda haka ki zaɓa wa jarumarki fasaha ɗaya ko biyu, ki nuna su tun a babin farko a ƙaramin abu, sannan ki ajiye sai ranar da wuya ta yi wuya.

Mataki na huɗu, ki bar mata rauni na gaske

Ba irin raunin nan na wai ta cika tausayi ba. Storm ta ƙungiyar jarumai ta X-Men, wadda ta fara fitowa a littafin zane a 1975, mahaifiyarta 'yar Kenya ce, tana iya kiran hadari da tsawa, amma idan aka rufe ta a matsattsen wuri sai ta rikice gaba ɗaya, dalili tana ƙarama jirgi ya faɗo kan gidansu a Alƙahira gini ya danne ta kusa da gawar mahaifiyarta. Bayan nan a titi ta taso tana yankan aljihu da buɗe kwaɗo. A 1986 bayan ta rasa ikon nata kwata-kwata ta kara da Cyclops, abokin aikinta mai harba haske daga ido, a kan shugabancin ƙungiyar kuma ta ci shi, da wayo ta fizge gilashin da yake sarrafa hasken idonsa da shi. Nausicaä ɗin nan mai son zaman lafiya ma da ta tarar an kashe mahaifinta fushi ya rufe mata ido ta kashe sojoji, daga baya tana kuka tana tsoron abin da ta gani a cikin kanta.

Sai dai ina roƙon ku 'yan uwa marubuta, a rage mayar da fyaɗe ya zama shi kaɗai ne ƙofar da mace ke bi ta zama jaruma. Ya yi yawa a rubuce-rubucenmu, kuma mafi yawa ana sa shi ne don a samu dalilin ramuwa cikin sauri ba don an damu da ciwon ba.

Mataki na biyar, kada ki ƙwace abin da kika ba ta

Nan ne ramin da ya fi cin mutane, a fara da ita da zafi a tsakiya a manta. Marion Ravenwood a Raiders of the Lost Ark na 1981, farkon ganinmu da ita mashaya take gudanarwa ita kaɗai a tsaunukan Nepal, tana ganin Indiana Jones, jarumin fim ɗin, ta kai masa naushi, amma ana isa Alƙahira sai ga ta a cikin kwando ana gudu da ita. Abin da ya ɗan cece ta shine ko a hannun abokan gaba ba ta zauna jira ba, ta yi ƙoƙarin bugar da mai tsaronta ta ɗauki wuƙa za ta gudu. Wonder Woman kanta da aka ƙirƙira a 1941, ta fi yawancin mazan ƙungiyar jarumai ta Justice Society ƙarfi amma sakatariya aka naɗa ta, su tafi fagen fama ita ta zauna. A 1968 kuma aka cire mata ikonta baki ɗaya aka ba ta shagon kaya, sai da mata masu fafutukar 'yancin mata irin su Gloria Steinem suka yi ta magana, Steinem ta sa hoton Wonder Woman a bangon mujallar Ms. a 1972, a 1973 aka mayar mata da ikonta. Ba laifi bane a kama jarumarki, kowane jarumi ana kama shi. Tambayar ita ce me take yi a cikin ɗakin da aka kulle ta.

Mataki na shida, ki duba na kusa da ita

Ba sai kin mayar da mazan labarin sakarkaru ba kafin ta haska. Modesty Blaise da aka fara buga labarinta na zane a jarida a Ingila a 1963 tana da abokin aiki Willie Garvin, gwani ne na jifa da wuƙa, yana girmama ta, ita ce shugaba, kuma har aka daina buga labarin a 2001 ba soyayya tsakaninsu. Ki kuma ba ta wata mace da za su yi maganar da ba ta namiji ba, uwa ko aminiya ko kuyanga ko ma abokiyar gaba, wannan shine gwajin da Alison Bechdel ta fito da shi a zanenta na 1985, kuma wallahi za ki yi mamakin yawan labaran da suke faɗuwa a kansa.

Mataki na bakwai, ki dasa ta a ƙasarta

Ba sai kin kwaso kayan Amurka kin jibga wa Hausa ba. Indiya tun 1935 suka yi Hunterwali, gimbiya mai rufe fuska da bulala a hannu, Fearless Nadia ce ta fito kuma da kanta take yin tsalle-tsallen. Mu ma muna da Sarauniya Amina ta Zazzau da har yau ake kiran wasu ganuwoyi da sunanta, muna da Sarauniya Mangu ta Lugu a ƙasar Arewa, wato yankin Dogonduci a Nijar, da ta tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, Med Hondo ya yi fim a kanta a 1986 ya ci babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na FESPACO a Wagadugu a 1987. Idan jarumarki a irin wannan zamanin take, ki nemi sanin lifidi da sulke da kwari da baka, ki san tafiyar kwana nawa ce tsakanin garuruwan, ki sa mata kayan da za ta iya hawa doki da su, ki bar ta ta gaida iyayenta yadda 'yar gidan sarauta ke gaisuwa.

Da kin gama duk wannan sai ki koma kan jan biron nan ki sake ƙirga. Ƙanwata ta yi sati biyu tana gyara, ta cire sata biyu ta bar ɗaya, ta babi na bakwai. Yanzu gimbiyar tana kwana uku a ɗaure a zaure tana lura da lokacin da masu gadi ke canji, ta gane ɗayansu yana barin ƙofa idan aka kira asuba, ta goge igiyar hannunta a jikin bakin fasasshen tulu har ta tsinke, ta kwance dokin bos ɗin ta fita ta ƙofar yamma, a hanya ta haɗu da yarima yana tahowa da dakarunsa ta ce su juya akwai kwanton ɓauna a gaban rafi. Da muka sake ƙirgawa biyar cikin tara nata ne, yanzu tana kan babi na sha uku.