Idan likita ya ce kansar tumbi ko ta hanji ta bazu zuwa tantanin ciki, ga ta inda za a fara

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen fiɗar ragon layya ya ga wata siririyar fata mai sheƙi da ta lulluɓe kayan ciki, da kuma kitsen nan mai kama da raga da ke kwance a kan hanji. To mutum ma yana da su, kuma wannan tantanin shi ne inda kansar tumbi da ta babban hanji suke yawan zubar da iri idan sun huda bangon inda suka fara. Ƙwayoyin cutar sai su bi ɗan ruwan da ke cikin ciki su watsu kamar an yafa gero, su manne nan da can. Ni na yi jinyar kawuna da wannan ciwon, kuma abin da ya fi ci min rai har yau shi ne watannin da muka ɓata saboda ba mu san me za mu tambaya ba. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Abu na farko, a tabbatar ita ce ɗin. Kumburin ciki da ruwa da rama ba kansa kaɗai ke kawo su ba, a nan wajenmu tibin ciki yana yin kama da ita sosai har a hoto, ga kuma ciwon hanta da shi ma ke tara ruwa. Don haka kar a yarda a fara kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, a kan zato, kar kuma a yarda a yi ta shan maganin tibi wata da watanni mutum yana ƙara lalacewa ba a sake dubawa ba. A nemi a zura kyamara ta baki a leƙa tumbi ko ta dubura a leƙa hanji, a yanko ɗan nama a kai lab, a ɗebi ruwan cikin ma a gwada. Sakamakon naman nan shi ne takardar da ta fi kowace daraja, ku yi mata kwafi da yawa, ku ɗauke ta a waya, kuma ku tambaya ko za a iya ba ku ɗan curin naman da aka adana a kakin lab domin duk asibitin da za ku je gaba zai so ya sake dubawa da kansa.

Sai hoton CT na ƙirji da ciki gaba ɗaya. Amma fa ku sani CT yana tsallake ƙananan ƙurajen da ba su kai ƙwayar wake ba, sau da yawa sai hoto ya nuna abu kaɗan a buɗe a tarar da yawa. Shi ya sa likitocin tiyata ke yin ɗan ƙaramin aiki, su huda ciki su sa kyamara su ƙirga da idonsu. Akwai ma'aunin da wani likitan Amurka Paul Sugarbaker ya fito da shi ana ce masa PCI, an raba ciki gida 13, kowane gida a ba shi maki daga 0 zuwa 3 gwargwadon girman abin da aka gani, jimla ta kama daga 0 zuwa 39. Don Allah ku riƙe wannan, ku tambayi likita kai tsaye: ranka ya daɗe, PCI ɗinsa nawa ne, kuma ƙaramin hanji ya kamu sosai? Amsar waɗannan biyun ita ke nuna ko babban aiki zai yi amfani.

Babban aikin shi ne a buɗe ciki a kankare duk wani ƙari da ido ke gani, a ɗaye tantanin da ya kamu, a cire kitsen nan, wani lokacin da wani yanki na hanji ko saifa ko mahaifa da ƙwan mace, aiki ne da kan ci awa 6 zuwa 10. Bayan nan wasu cibiyoyi sai su zagaya ruwan kemo mai ɗumi, wajen digiri 41 zuwa 43, a cikin cikin na minti 30 zuwa 90, wannan shi ne HIPEC da za ku ga asibitocin Indiya da Turkiyya suna talla a intanet. A kansar babban hanji, idan makin bai yi yawa ba kuma an samu cire komai tas, ana samun shekaru, wasu ƙalilan ma su rabu da ita. Wani bincike da aka yi a Faransa mai suna PRODIGE 7, wanda aka buga a 2021, ya nuna waɗanda aka yi wa aikin sun rayu kusan wata 41 a tsaka-tsaki, ko an ƙara musu wankin kemo mai ɗumi na oxaliplatin ko ba a ƙara ba. Kun ga ke nan hannun likitan da ya iya kankarewa shi ne maganar, ba injin ɗumama ruwa ba. Idan maki ya haura 20 yawancin likitoci ba sa yi, wahalar ta fi amfanin.

Kansar tumbi ita ta fi taurin kai, gaskiya ce mai ɗaci amma gara a faɗa. A nan sai makin ya yi ƙasa ƙwarai, wajen 6 ko 7, kuma kemo ya nuna yana aiki, sannan ake ma tunanin buɗe ciki. Ga yawancin mutane maganin shi ne kemo ta jijiya ko ta baki, kuma yana rage ruwa ya rage ciwo ya ƙara kwanaki masu daɗi. Ku tambaya ko za a gwada naman a ga wasu alamomi na ƙwayoyin cutar, HER2 da MSI idan ta tumbi ce, ko KRAS da BRAF da MSI idan ta hanji ce, saboda akwai magunguna irin su trastuzumab da pembrolizumab da sai ga wanda gwajinsa ya dace suke aiki, kuma tsadarsu ba ta wasa ba ce balle a saya a kan ƙila-wa-ƙala. Akwai kuma PIPAC da aka fara a Jamus a 2011, ana fesa kemo kamar hazo cikin ciki ta ƙananan huji duk bayan mako 6, wannan don sauƙaƙawa ake yi, duk wanda ya ce muku zai warkar da mutum da shi ku yi hattara.

Maganar fita waje, a nan ne gidaje ke karyewa. Kafin a sayar da gona ko fili, a tura hoton CT ɗin kansa ba rahoton kaɗai ba, da sakamakon nama, zuwa ga likitan da zai yi aikin ba ɗan kamasho ba, ya rubuto cewa ga abin da zai yi, ga sau nawa yake yin irinsa a shekara, ga abin da zai faru idan ya buɗe ya ga ba zai yiwu ba. Kuma a fara jin ta bakin likitan cutar kansa a asibitin koyarwa na kusa, Malam Aminu Kano ko Shika a Zariya ko na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ko Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. Mutumin da ba ya iya tashi ya zaga gida da ƙafarsa, yini yake a kwance, jikinsa ba zai ɗauki aikin awa 8 ba ko a ina ne.

A gida kuwa aikin naku ne masu jinya. Ciki ya matse, cokali uku sai ya ce ya ƙoshi, to kar a yi ta tura masa kwanon tuwo ana fushi, a ba shi kaɗan-kaɗan sau 6 ko 7 a yini, kunun gyaɗa da madara, ƙwai, romon kaza ko kifi, dankali da aka dama, yogot. Idan hanji ya fara ƙunci a rage abubuwa masu ƙaiƙayi da zare kamar zogale da rama da wake da ɓawonsa da masara, suna iya tokarewa. Zancen a daina nama da madara wai suna ciyar da kansa, wannan shi ke ƙarasa ramar da mutum. Jiƙe-jiƙe da maganin wankin ciki kuma a bar su, ga mai ƙuncin hanji haɗari ne babba, addu'a da tofi kam a yi ta yi ba sa hana magani.

Ruwa idan ya taru har numfashi ya yi wuya ko ya kasa zama, ana zuƙe shi da allura a asibiti a samu sauƙi nan take, zai dawo, a sake zuƙewa, ba laifin allurar ba ne kamar yadda ake cewa. Ciwo kuma ba jarumta ba ce a daure, a nemi mofin na sha, wato maganin rage zafin ciwo mai ƙarfi, a ba shi a kan lokaci duk awa 4 ko yadda likita ya rubuta ba sai ya fara murƙususu ba, a haɗa da maganin laushin bayan gida da likitan ya zaɓa tunda mofin na ɗaure ciki. Mu mun ji tsoronsa muka jinkirta, ranar da kawu ya fara sha ita ce ranar da ya yi barcin kirki ya tashi ya yi sallah a zaune ya kira 'ya'yansa suka yi maganar bashi da wasiyya. Ku tambayi sashen kula da sauƙaƙa wa masu doguwar jinya tun da wuri, tare da kemo ake tafiya da su.

Alamomin da ba a kwana da su a gida: amai ba ƙaƙƙautawa musamman kore ko mai wari, ciki ya ƙara kumbura babu bayan gida babu tusa, ciwo mai tsanani da ya zo farat ɗaya, baƙin bayan gida kamar kwalta ko jini, ƙafa ɗaya ta kumbura, ko zazzaɓi da ya kai 38 ga wanda ke kan kemo. Wannan na ƙarshen kar a ce maleriya ce a tsaya kemis. A hana shi ci da sha idan amai ne da toshewa, a ɗauki fayil ɗin takardu da jakar magungunansa gaba ɗaya a wuce sashen gaggawa, can za su sa robar hanci su janye abin da ya taru, su ɗaura ruwa, sannan a duba ko za a buɗe masa hanyar bayan gida ta gefen ciki ko allurai kaɗai za su isa.