Nutson kogi daban, na teku daban: kurakuran da muke yi wajen shirya tafiyar nutso

Bayan kaka, ɗan yayata ya kai riɗinsa kasuwar Maigatari ya sayar, ya dawo ya same ni a zaure da waya a hannu. Bidiyo yake nuna mini, wasu mutane a ƙarƙashin teku da tukunyar iska a baya, kifaye na kewaya su. Ya ce, "Kawu, tunda ka taɓa zuwa Zanzibar, faɗa mini nawa zan tanada. Iyo dai ba matsala, ka san a kogin Haɗeja na tashi." Na ce masa, "Zauna tukuna, ɗana. Wannan iyon da kake taƙama da shi, shi ne abin da ya fi ba ni tsoro a kanka."

Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na bakin kogi, daga Wudil zuwa Ringim, ya san yadda muke koyon nutso. Ka cika ƙirji da iska, ka riƙe, ka sauka har ka damƙo yashi a hannu don abokai su shaida ka kai ƙasa. Kunne ya yi zafi, ka daure. Numfashi ya ƙare, ka tokari ƙasa ka harbo sama kamar kibiya. Waɗannan ɗabi'u uku sun zauna a jikinmu tun muna yara, kuma dukkansu ukun haɗari ne da zarar ka ɗora tukunyar iska a bayanka. Yawancin kurakuran da na gani, har da nawa, daga nan suka samo asali.

Mu fara da riƙe numfashi, don shi ne mai kisa nan take. Kowace mita 10 da ka sauka a teku, nauyin ruwan da ke kanka yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar sama gaba ɗaya. A mita 10 matsin ya ninka na bakin ruwa sau biyu, a mita 20 sau uku, a mita 30 sau huɗu. Mai nutson kogi da iskar sama ya sauka, ta matse a ƙirjinsa, ya dawo ta koma yadda take, babu abin da ya ƙaru. Mai tukunya kuwa a can ƙasa yake shaƙa, iskar da ta riga ta matsu. In ya cika huhu a mita 10 ya rufe baki ya taso, kafin ya kai sama iskar ta zama ninki biyu, huhu kuma ba balan-balan ba ne. Yana yagewa, kumfar iska ta shiga jini ta tafi ƙwaƙwalwa. Ba sai wuri mai zurfi ba, ko a ruwan da bai fi tsayin mutum biyu ba hakan na faruwa. Gyaran ɗaya ne, kuma shi ne dokar farko da kowane malamin nutso zai koya maka: ka yi ta numfashi a hankali, kada ka tsayar ko sau ɗaya. Ko bututun da kake shaƙar iskar tukunya da shi ya fita daga bakinka, ka riƙa fitar da 'yan ƙananan kumfa har ka mayar da shi.

Sai kunne. A nan ni kaina na faɗa. Na bar gida cikin hunturu da 'yar mura, irin wadda ba ma ɗaukarta ciwo. Da aka tambaye ni a bakin ruwa na ce lafiyata lau, don ina ganin kuɗin da na kashe. Muna sauka a kan igiya, ban kai mita 4 ba na ji kamar an soka mini tsinke a kunnen hagu. Malamin yana gabana, yana nuna kunnensa yana nuna mini in ɗan hau sama. Na yi abin da na saba yi a kogi, na cije na ci gaba. Da muka fito sai ga jini da majina a cikin gilashin fuskata, kunnen kuma ya toshe kamar an cusa auduga. Kwana uku ina zaune a bakin teku ina kallon jirgin ruwa na fita ba ni. Abin da ya kamata shi ne ka matse hanci da yatsu ka hura a hankali, tun kana saman ruwa, sannan a kowace mita, tun kafin zafi ya zo. In ya ƙi buɗewa ka hau kaɗan ka sake. In ya ƙi, ka haƙura da nutson ranar. Mai mura kuwa kada ma ya shiga, domin hanyar da ke tsakanin maƙogwaro da kunne ta kumbura, iska ba za ta wuce ba. Shan maganin mura don a yaudari jiki ma ba dabara ba ce, yana iya sakinka kana can ƙasa.

Na uku, saurin tasowa. Mutane da yawa suna zaton oksijin ne zalla a cikin tukunyar. A'a, iskar da muke shaƙa ce aka matse, kashi 21 cikin ɗari oksijin, kashi 78 naitirojin. A ƙarƙashin matsi naitirojin ɗin yana narkewa cikin jini da tsoka, in ka taso da gaggawa sai ya yi kumfa kamar lemon kwalba da aka girgiza aka buɗe. Ciwon gaɓoɓi, mutuwar sashen jiki, jiri, wani lokaci shanyewa. Don haka ake tasowa sannu, kada a wuce mita 18 a minti ɗaya, kwamfutar hannu da ake ɗaurawa kamar agogo ma kusan rabin haka take yarda da shi, sannan a tsaya minti 3 a zurfin mita 5 kafin a fito.

Wannan magana ta naitirojin ita ce ke shiga har cikin tikitin jirginka, kuma a nan masu shirya tafiya suka fi yin kuskure. Mutum ya ga saura masa kwana ɗaya, ya ce bari in more kuɗina, ya yi nutso da safe ya hau jirgi da daddare. Matsin iskar cikin jirgin sama bai kai na ƙasa ba, kamar ka hau dutse mai tsayin mita 2,000 ne ko fiye. Ƙungiyar DAN, wadda ta ƙware kan lafiyar masu nutso tun 1980, ta ce a jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso da yawa ko na kwanaki a jere. Ni awa 24 nake ba kowa shawara. Ka tuna kuma in ta Habasha za ka dawo Kano, Addis Ababa kanta tana sama da mita 2,300, ko zaman jiran jirgi a can zama ne a kan tsauni. Ranar ƙarshe ta zama ta yawo a tsohon garin Zanzibar da sayen kanumfari na tsaraba.

Kwanakin ma a ƙidaya su da kyau. Akwai nutson ɗanɗano na yini ɗaya, malami na riƙe da kai, ba a wuce mita 12, kuma ba ya ba ka shaidar komai. Akwai karatun farko na samun kati, na PADI ko SSI, ƙungiyoyin da ke horar da masu nutso su ba su shaida, mai cin kwana uku zuwa huɗu, da nutso huɗu a teku, wanda ke ba ka izinin mita 18. Wanda ya ware kwana huɗu kacal har da zuwa da dawowa, ya ce zai dawo da kati, bai yi lissafi ba. Ga hazon hunturu da kan hana jirage tashi daga filin Malam Aminu Kano, ga teku da kan yi fushi yini guda a hana fita. Kwana bakwai ko takwas a can shi ne daidai. Karatun littafin kuma ana iya yinsa ta intanet tun kana gida, akwai da Turanci akwai da Larabci, sai ka isa kanka a sake. Za a gwada ka iyon mita 200 ba tsayawa, da zama a saman ruwa minti 10 ba tare da ka kama komai ba. Yaran kogi sukan ci na farko cikin sauƙi, na biyun ne ke ba su wuya, don mun saba da ƙarfi ba mu saba da kwanciya a kan ruwa ba.

Lokacin tafiya kuma kada ka auna shi da damina da ranin garinmu. Watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da bazara ke gasa mu a nan, su ne na ruwan sama mai yawa a Zanzibar, masika suke kiransa. Disamba zuwa Fabrairu da kuma Yuni zuwa Oktoba sun fi. In babban kifin nan mai ɗigo-ɗigo, wanda ya fi kowane kifi girma a duniya, kake son gani, tsibirin Mafiya da ke kudu da Zanzibar ne wurinsa daga Oktoba zuwa Fabrairu. 

Takardu zan taƙaita. Fasfo ya zama da saura aƙalla wata shida. Katin rigakafin shawara dole ne ga mai fitowa daga Najeriya, kuma allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10, don haka ba a yinta ana gobe tafiya. Ɗan Najeriya ba ya samun bizar Tanzaniya, ƙasar da Zanzibar take ciki, a filin jirgi, sai ya nema tun yana gida an amince, kuma tana ɗaukar lokaci; kada ka biya otal da kuɗin da ba a mayarwa kafin ta fito. Kafin ka je Wapa canjin kuɗi, tambayi masu shagon nutson wane kuɗi suke karɓa, kuma ko farashin da suka faɗa ya haɗa da hayar kaya da kuɗin shiga gandun ruwa, wato yankin teku da aka keɓe don kare halittunsa.

Abin da ba zan taƙaita ba shi ne takardar lafiya. Kafin a sa ka a ruwa za a ba ka tambayoyi: asma, ciwon zuciya, hawan jini, farfaɗiya, ciwon suga, tiyatar kunne ko ta ƙirji. Mu kuma mun saba da cewa "lafiya lau" ko muna kwance. Wannan takarda ba gaisuwa ba ce. Mai asma da ƙirjinsa ya kama a mita 15 ba shi da inda zai ruga. Mai juna biyu ba ta nutso sam. Ga kuma sikila, wadda kusan babu dangin da ba ta taɓa ba a ƙasarmu: mai SS kada ya kusanci tukunyar iska, mai AS kuma ya zauna da likita tukuna. Ka ga likita tun a gida, ya sa hannu a takardar, ka tafi da ita. Ka sayi inshorar da ta ambaci nutso ƙarara, domin maganin ciwon naitirojin sai a ɗakin matsin iska na musamman, ba kowane asibiti ke da shi ba, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin aljihun manomi. In ka ji jiki ba daɗi bayan nutso, kada ka yanke wa kanka hukuncin zazzaɓin cizon sauro ne ka haɗiyi ƙwaya ka kwanta. Faɗa wa malaminka nan take, su sa maka oksijin.

Ƙishirwa tana ƙara haɗarin wannan ciwon naitirojin. Saboda haka ban ga dalilin da mutum zai sa tafiyar nutsonsa cikin watan azumi ba, alhali ga sauran watanni goma sha ɗaya.

Wajen zaɓen shago, araha ba ta ado. Na taɓa shiga wani wuri da farashinsa ya faɗi ƙasa da na kowa, na leƙa baya na ga injin cika tukwane dab da janareta, hayaƙi na bi ta kansa. Na juya na fita. Hayaƙin nan da ke kashe iyali a ɗaki cikin dare, in ya shiga tukunya ka shaƙe shi a ƙarƙashin matsi, ya fi haka muni. Kafin ka shiga ruwa ka ɗanɗana iskar: kada ta yi wari, kada ta yi ɗanɗanon mai. Ka duba agogon tukunyar, mai auna iskar da ke ciki, ya nuna wajen 200, ka riƙa dubansa a ƙasa, ya kai 50 ka kasance kana fitowa. Ka tambayi mutum nawa malami ɗaya ke riƙewa, ka tambayi ko akwai oksijin a cikin jirgin ruwan. Shagon da bai nemi katinka ba, bai ba ka takardar lafiya ba, bai damu da ranka ba.

Wasu ƙananan abubuwa da ba wanda ya gaya mini. Ɗaga babban yatsa a ƙarƙashin ruwa ba "madalla" ba ne kamar a Facebook, ma'anarsa "mu hau sama". Lafiya lau kuwa sai ka haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe. Gemu ba ya hana komai, amma gashin baki yana sa ruwa ya riƙa zubowa cikin gilashi, a rage wanda ke dab da hanci. Ruwan gishiri ya fi na kogi ɗaga mutum, don haka kada ka yi gardama in an ƙara maka darma a ɗamara. 'Yan'uwa mata da ke jin sutura ce za ta hana su, rigar nutso tana rufe jiki daga wuya zuwa idon sawu, akwai hular kai, ana ɗora doguwar riga mara nauyi a cikin jirgi, kuma ana iya neman malama mace tun kafin a biya.

In ka sauka, ka naɗe hannunka a ƙirji. Duwatsun murjanin da za ka gani masu rai ne, wasunsu shekara guda ba sa ƙara tsawon ɗan yatsa, taɓawa na kashe su, wasu kuma suna ƙuna kamar wuta. Akwai kifin da ke kwanciya kamar dutse da dafi a ƙayarsa. Al'adarmu ta damƙo yashi don shaida, a bar ta a gida. Ranar da kunnena ya warke na sauka kusa da tsibirin Mnemba, na tsaya cak a tsakiyar ruwa ba na taɓa komai, wani kunkurun teku ya zo ya wuce ta gabana, kusa har ina ganin ƙwayar idonsa. Ayar lu'ulu'u da murjani ta cikin Suratur Rahman ce ta faɗo mini a rai, na yi tasbihi a zuci, kumfa na fita ta gefen fuskata.

Ɗan yayata ya saurara har aka kira la'asar. Ya ce, "To Kawu, yanzu da me zan fara?" Na ce gobe ya shiga Dutse a yi masa gwajin sikila, a duba ƙirji da kunne, ya yi allurar shawara, ya nemi biza. Ranar Juma'a kuma in an sauko, mu je bakin ruwa tare da agogo, ya kwanta rigingine in ƙirga masa minti goma.