Ga Sababbin Zuwa Bonn: Ku San Mai Gida, Ku San Makaɗan Gari

Barkanku da sauka, 'yan'uwa. Batun layin waya, asusun banki da tikitin jirgin ƙasa ba zan ɓata muku lokaci a kansa ba. Duk wanda ya tarbe ku a tasha zai nuna muku cikin yini guda. Kayan miya ma akwai su a shagunan Turkawa da Larabawa na Bad Godesberg da Tannenbusch. Abin da ke kayar da mutanenmu a garin nan gida ne, kuma duk shekara sai na ga sababbi sun faɗa ramin da muka faɗa tun tuni.

Doka ta ba ka kwana 14 bayan ka tare ka je ka yi Anmeldung, wato rajistar adireshi a ofishin gari. Ba za a yi maka ba sai da takardar shaida daga mai gida. Saboda haka duk wanda ya ce zai ba ka ɗaki da araha “amma ban da rajista”, ka gode masa ka wuce, ko da ɗan unguwarku ne a Zinder ko Fagge. In babu rajista, lambar haraji ba za ta zo ba, ofishin baƙi ba zai saurare ka ba. Ka kuma liƙa sunanka a akwatin wasiƙa tun ranar farko, domin Jamus da takarda take magana, kuma ɗan aike ba ya tambayar maƙwabta ina baƙon nan yake.

Kuɗin ajiya, Kaution, ba ya wuce hayar wata uku, ban da kuɗin ɗumama gida da ruwa, kuma kana da ikon biyansa kashi uku. Kada ka tura wa kowa ko sisi kafin ka ga ɗakin da idonka. Masu cewa suna ƙasar waje, za su aiko da makulli in kuɗi ya shiga, 'yan damfara ne. Abin takaici har masu digiri biyu sun faɗa hannunsu. Ranar karɓar makulli ku zaga ɗakin tare da mai gida, a rubuta duk wani tabo da tsaga, ku sa hannu, ka ɗauki hoto. Wani mai gida da na zauna a wurinsa ya riƙe mini kusan rabin ajiyata saboda ƙonuwar da na tarar a teburin kicin, kuma da yake babu ita a rubuce, rantsuwata ba ta yi amfani ba. Akwai ƙungiyar 'yan haya da ake biyan kuɗin shiga a shekara, lauyoyinta su duba maka takardu. Ka shiga tun kafin rigima ta taso.

Sai babbar magana: ƙara. Daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe lokacin shiru ne, Lahadi kuwa yini guda. Mu mutanen hira ne, muna kiran gida da murya sama, muna daka, muna taron suna har dare. Ba na jin kunyar wannan. Zumuncinmu ne ya sa ba a taɓa barin ɗanmu ya kwana a tasha ba. Amma maƙwabcinka ba zai ƙwanƙwasa ya roƙe ka ba, rubutawa zai yi a littafi, rana da sa'a, ya miƙa wa mai gida. Wasu na cewa ai ƙin baƙi ne. Akwai masu ƙin baƙi, babu musu, sai dai wannan ƙa'ida har nasu ba ta bari ba. A 2018 sai da babbar kotun tarayya ta zauna kan ƙarar wani ƙwararren mai busa ƙaho da maƙwabtansa, ta ce yana da haƙƙin atisaye a gida, amma da ƙiyasin sa'a biyu zuwa uku a ranakun aiki, ɗaya zuwa biyu ran Lahadi da ranakun hutu.

Ƙasar da kotu ke auna wa mai busa sa'o'i, ka san kiɗa ba abin wasa ba ne a wurinta, kuma Bonn ta fi kowa ji da kanta a nan. A titin Bonngasse aka haifi Beethoven, shahararren mai tsara kiɗa, a 1770. Yana saurayi ya yi aiki cikin makaɗan fadar basaraken da ke mulki daga garin, kamar dai yadda sarakunanmu ke da makaɗan fada da sarkin kiɗansu, kafin ya tafi Viyana a 1792, bai kuma sake dawowa ba. Bayan fadar ta rushe, garin ya shafe sama da shekara 100 ba shi da tsayayyar ƙungiyar makaɗa tasa, sai a 1907 hukumar gari ta ɗauki wata a ƙarƙashin Heinrich Sauer. Ita ce yau ake kira Beethoven Orchester Bonn, sunan da ta samu a 2003. Makaɗa ne kimanin 100 masu aiki biyu: yau suna kan dandali suna kiɗa zalla, gobe suna cikin rami a gaban dandalin gidan opera da ke bakin kogin Rhein, wanda aka buɗe a 1965, suna raka mawaƙa. Albashinsu daga aljihun gari yake fitowa, wato da harajinka a ciki.

Bama-bamai sun cinye tsohon zaurensu a 1944. Sabon zauren, Beethovenhalle, ya buɗe a 1959, lokacin Bonn na babban birnin Jamus ta Yamma, har a cikinsa aka riƙa zaɓen shugaban ƙasa daga 1974 zuwa 1989. Volker Wangenheim ne ya riƙe sandar jagora daga 1957 zuwa 1978, shi ya gina ƙungiyar a waɗancan shekaru. Ku dubi waɗanda suka biyo bayansa: Jan Krenz daga Poland, Gustav Kuhn ɗan Ostiriya, wanda zamansa ya ƙare a 1985 bayan ya sharara wa shugaban gidan opera mari a bainar jama'a, Dennis Russell Davies Ba'amurke daga 1987 zuwa 1995, Marc Soustrot Bafaranshe, Roman Kofman daga Yukiren, 2003 zuwa 2008, wanda ya naɗi manyan kiɗe-kiɗen Shostakovich, mai tsara kiɗa ɗan Rasha, gaba ɗaya da su, sai Stefan Blunier ɗan Siwizalan har 2016. Dirk Kaftan, da ya karɓa a 2017, Bajamushe ne. Kusan shekara arba'in ke nan garin na damƙa abin alfaharinsa a hannun baƙi. Ina ambata wa yaranmu wannan in sun fara cewa ba a ba baƙo komai a nan. Mu ma sashen Hausa na DW yana nan tun da tashar ta ƙaura daga Kolon a 2003, daga garin nan ake yi wa Kano da Maraɗi labarai.

In kana son tsohuwa mai gida ta saki jiki da kai, taɓo mata zancen gyaran Beethovenhalle. An rufe shi a 2016 da nufin a gama kafin bikin cikar Beethoven shekara 250 a 2020. Bikin ya zo ya wuce ana aiki, kuɗin ya yi ta ninkawa, makaɗan suka yi ta rakuɓewa a wasu zaurukan. Babu ɗan Bonn da ba shi da abin faɗa a kan wannan, kuma za ka ga mutumin da bai taɓa amsa gaisuwarka da kyau ba ya tsaya da kai a matakala yana zuba.

Wanda ya zaɓi nisantar kiɗa saboda addini, babu mai tilasta masa. Sanin tarihin ya ishe shi hira. Mai son zuwa kuwa, ɗalibai na samun rangwame, haka masu ƙaramin ƙarfi da ke da katin Bonn-Ausweis. Ba sai da kwat ba, kaftaninka mai tsabta ya wadatar. Ka isa da wuri, don da an fara ana rufe ƙofa, sai ka jira hutu. A kashe waya gaba ɗaya. Kiɗan kashi-kashi ne, sukan tsaya tsakani, to kada ka yi tafi sai jagoran ya sauke hannu ya juyo ya fuskanci jama'a. A lokacin hutu ana sayar da giya a farfajiya, amma akwai ruwa da ruwan tufa a teburi ɗaya, sai ka faɗi abin da kake so.